Ƙafar Hagu

Wata bakwai da kwana tara
da fito da ita daga kamfani a Garwa,
ko ledar kujerun baya ban cire ba.
Ran Talata, ɗauke da kifin Lagdo,
kwali goma sha biyu, ƙanƙara na narkewa,
ta tsaya mini kafin Ngong tana gurnani.
Inji na ihu, taya ta ƙi juyawa,
ga wari kamar an babbake kofato.

Sali makanike ya shige ƙarƙashinta,
tafin ƙafarsa kaɗai nake gani.
Ya ce, "Ambiriyaj ne."
Na ce, "Kuloci kake nufi?"
Ya ce, "Ko wane suna ka ba shi, ya mutu."
Da yamma ya miƙo mini faifan,
baƙi wuluk, sumul kamar gindin tukunya.
Kifin kuwa masu banda suka kwashe a rabin kuɗi.

Na naɗe faifan a jarida na kai ofis.
Musye Ndongo na zaune a kujera mai juyi.
Na shimfiɗa masa takardar garanti:
shekara biyu, ga hatimi, ga sa hannu.
Sai ya juya ta baya, inda rubutu ya ƙanƙance
kamar tururuwa ta fito daga tawada.
Ya ce, "Layi na sha huɗu. Abin da ke cinyewa
ba ya cikin alkawari: birki, taya, kuloci."
Na ce, "To, me ba ya cinyewa a duniya?"
Ya ɗaga faifan da yatsa biyu, ya duba.
Ya ce, "Alhaji, wannan aikin ƙafarka ne."

Ƙafata?
Shekara ashirin da shida tana taka ƙarfe.
Ita ta hau tudun Ngaundare da lodin auduga
ba ta bari mota ta ja da baya ba ko taƙi ɗaya.
Ita ta fid da ni daga taɓon Waza da damina,
ta ƙetara gadar Kusuri sau ba adadi.
Yau yaron da bai taɓa sauya taya ba
ya ɗora mata laifi daga cikin inuwa.

Na ce a kira babbansu. Yana Duwala.
Na ce a rubuta masa. Sai Litinin.
Litinin ta zo, ta koma wata Litinin.
'Yata Astajam ta karanta mini Faransancin
kalma kalma, yatsanta na bin layi.
Ta ce, "Baba, haka suka rubuta."
Na ce, "Ba haka suka faɗa ba ran da nake ƙirga kuɗi."

Sefa dubu ɗari da tamanin.
Na sayar da ragon da na ajiye wa layya,
Sali ya ɗaura sabo, ya goge hannu da tsumma.
Ya buɗe baki zai yi magana,
ya dubi furfurata, ya fasa.

A hanyar gida, bisa gadar Binuwai,
babur gaba, babur baya, kowa na rarrafe.
Na sa giya ta biyu, na ɗan leƙa ƙasa.
Ga ta nan, ƙafar hagu,
ta kwanta kan feda ba ta sauka ba.
Tun bara gwiwar ke ƙin ɗagawa,
ni ne dai ban tambaye ta ba.
Na sa hannu na janye ta gefe.
Kafin ƙarshen gada ta koma.

Ban gaya wa kowa ba.
Faifan na nan a ƙarƙashin kujera, cikin jarida.
Ran Litinin zan sake komawa wurin Ndongo,
don wata bakwai dai ba shekara biyu ba ne.
Amma zan hau babur.